Na bi sawun "gezellig" a Etymologiebank, na ɓulla a zaure

Shekarata bakwai a Eindhoven, huɗu daga ciki ina aiki a gidan kula da tsofaffi. In aka ce in faɗi kalmar da ta fi cika mini kunne a wurin aikin nan, ba sai na yi dogon tunani ba: gezellig. Ƙarfe goma na safe in na turo keken kofi cikin falo, akwai wata tsohuwa 'yar shekara 91 da ke zama a bakin taga, sai ta haɗa tafukanta ta ce gezellig. In jikoki sun zo dubiya, gezellig. In ana ruwa a waje an kunna kyandir a kan tebur, gezellig. Ranar da aka sauya fitilun falon aka sa masu farin haske irin na asibiti, ɗaga kai ta yi ta taɓe baki ta ce ongezellig, wato kishiyarta, kuma ba ta sake zama a wurin ba sai da aka kawo mata 'yar fitilar tebur.

Ga wanda bai taɓa ji ba, furucin ya yi kusa da "khazellakh". Harafin g na Holanci daga maƙogwaro yake fita, kamar خ ta Larabci, sai dai a nan kudu, yankin Brabant, suna sassauta shi, ba sa kakarin da mutanen Amsterdam ke yi. Duk wanda ya yi allo ba zai sha wahalarsa ba.

Malamar da ta koya mana harshe lokacin da nake shirin jarrabawar zama 'yar ƙasa ta ce mana wannan kalma ba ta fassaruwa. Tana faɗa tana murmushi, irin na mai nuna kayan gadon gidansu. Daga baya na ji maganar a bakin mutane da yawa, har na gane abin taƙamarsu ne. Ni kuwa 'yar malamin Larabci ce daga Zariya. Na tashi ina ganin Baba yana kama kalma, ya tuɓe mata riga da hula har sai haruffa ukun nan na asali sun rage, sannan ya jero mana 'ya'yanta da jikokinta. A gidanmu ba a yarda akwai kalmar da ba ta da uba ba. Shi ya sa maganar malamar ta tsaya mini a rai shekara da shekaru, har ranar da 'yata, mai shekara 14, tana aikin gida ta ce, "Mama, ai akwai wurin da ake duba irin wannan." Ta buɗe mini etymologiebank.nl a waya. Kusan wata takwas ke nan ina shiga, wani lokaci a bas, wani lokaci a hutun aikin dare, kuma ina ganin na san shi sanin da zan iya ba ku labari.

Rumbu ne na ƙamusoshin asalin kalmomin Holanci. Wata masaniyar harshe, Nicoline van der Sijs, ita ta harhaɗa shi a 2010, kuma yanzu yana hannun cibiyar nazarin harshen Holanci da ke Leiden, Instituut voor de Nederlandse Taal. Kyauta ne, ba rajista, ba a tambayar imel ɗinki. Akwatin nema ne kawai: ki rubuta kalma, sai ya zubo miki abin da ƙamusoshi daban-daban suka ce a kanta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kowanne da sunan mai shi da shekararsa. A sama yawanci za ki tarar da babban ƙamus na zamani, Etymologisch Woordenboek van het Nederlands, wanda ya fito cikin juzu'i huɗu tsakanin 2003 da 2009 ƙarƙashin jagorancin Marlies Philippa. Daga nan sai a yi ta gangarawa baya: na Van Veen da Van der Sijs na 1997, na Jan de Vries na 1971, na Vercoullie na 1925, na Franck da Van Wijk na 1912. Can ƙasa akwai na kare-karen harshe, da na Afirkanci na Afirka ta Kudu, da na Holancin Suriname, in kalmar ta kai can.

Ranar farko rufe shafin na yi. Gaskiya ke nan. Abin da na gani ya yi kama da takardar likita: mnl., ohd., os., oe., pgm., ga taurari a gaban wasu kalmomi, ga shekaru a cikin baka, ga kibiyoyi. Na jefa rubutun cikin manhajar fassara ta wayata, ta dagula shi gaba ɗaya, don ita ma ba ta san me gajerun haruffan suke nufi ba. Sai da na zauna ranar Lahadi da biro da bayan ambulan na rubuta wa kaina makulli. Ga shi, don kada ku sha wahalar da na sha. Onl. shi ne tsohon Holanci, kafin wajen 1200. Mnl. na tsakiya, daga 1200 zuwa 1500. Vnnl. daga 1500 zuwa 1700. Ohd. tsohon Jamusanci, os. tsohon harshen Saksawa na arewacin Jamus, oe. tsohon Ingilishi, on. tsohon harshen mutanen arewa, kakannin 'yan Norwe da Suwidin. Pgm. shi ne uwar da ta haifi dukkansu, harshen da ba wanda ya taɓa rubuta shi, masana ne suka gano kamanninsa ta hanyar gwama 'ya'yansa. Tauraro a gaban kalma yana nufin ba a same ta a rubuce ba, ƙiyasi ne. Bn. sifa, zn. suna. Da wannan ambulan a jaka, shafin ya buɗe mini kamar an kunna fitila.

To ga abin da na tarar.

Gezellig gaɓa uku ce a haɗe. Ta ƙarshe, -ig, ɗafa-ƙeya ce mai mayar da suna sifa, aikinta kamar "mai" a wurinmu: mai daɗi, mai kyau. In an cire ta, abin da ya rage shi ne gezel, aboki, abokin tafiya, abokin zama. A rubuce-rubucen ƙarni na 13 ana samunsa a matsayin geselle ko gheselle, kuma sifar da aka ƙera daga gare shi, gesellich, a lokacin mutum take siffantawa: mai son jama'a, mai daɗin mu'amala, wanda kuka shaƙu. Ɗaki da kyandir da labule duk daga baya suka shigo. Ma'anar ta taso daga kan mutum ta koma kan zaman da ake yi da shi, sannan ta koma kan wurin da ake zaman.

Shi kuma gezel, in aka sake fasa shi, ge- ne da wani abu da ya zama zaal a Holancin yau, wato babban ɗaki, ɗakin taro. Ge- ɗafa-goshi ne na tarayya, yana nufin "tare". Har yanzu ana jinsa a gebroeders, 'yan'uwa maza a haɗe, da gezusters, 'yan'uwa mata. Siffar da masana suka ƙiyasta ita ce *ga-saljan-, mutumin da kuke ɗaki ɗaya. Wannan j ɗin da ke tsakiya, wanda ake furtawa kamar y, shi ya yi ɓarna biyu kafin ya ɓace: ya ja wasalin a ya koma e, ya kuma ninka l. Shi ya sa ake da zaal da a da l ɗaya, amma gezellig da e da l biyu. A tsohon Jamusanci kalmar gisello ce, yau Geselle, kuma daga ita aka samu Gesellschaft, al'umma ko kamfani. Wanda ya taɓa ganin GmbH a bayan sunan wani kamfanin Jamus, G ɗin nan ita ce.

Ɗakin da ake magana a kai kuwa, a zamanin da, shi ne dogon gini mai ɗaki ɗaya inda maigida da mutanensa ke ci, su yi hira, su kwana, wuta na ci a tsakiya. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar. Zaure ne. Zauren Baba da daddare bayan isha'i, tabarma a shimfiɗe, fitila a kusurwa, almajirai biyu sun yi barci a gefe, abokansa uku ana ta hira ba wanda ke duba agogo. Ba ina cewa kalmomin biyu dangi ne ba, zaal da zaure kamar sauti ce kawai ta haɗa su, kuma abu na farko da wannan rumbu ya koya mini shi ne kada in yarda da kamar sauti. Amma abin da kalmar ke ɗauke da shi, mun san shi sarai. Mu dai ba mu dunƙule shi cikin sifa ɗaya ba, mun rarraba shi: zama ya yi daɗi, hira ta yi armashi, gida ya yi albarka da jama'a.

Na kira Baba a daren. Na ce, "Baba, na samo uban kalmar nan da nake ba ka labari." Ya ce, "To Uwata, waye shi?" Na ce ɗaki ne, abokin ɗaki. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ashe su ma sun san maƙwabci kafin gida." Sai ya ce in duba masa ko suna da ta abokin cin tuwo. Suna da ita. Maat, aboki, wadda ma'aikatan gini ke kiran juna da ita, asalinta wanda kuke cin abinci tare, kuma ge- ɗinta ne ya faɗi a hanya. Kompaan ta zo daga Latin, com da panis, abokin burodi, kuma daga wannan gida ne kamfani ɗinmu ya fito. Gotawa, wata tsohuwar ƙabila dangin Jamusawa, waɗanda aka fassara wa Baibul a ƙarni na 4, suna da gahlaiba, ita ma abokin burodi. Kameraad kuwa daga camera take, ɗaki, don haka kwamared na 'yan ƙungiyar ƙwadago da kyamarar ɗaukar hoto 'yan gida ɗaya ne. Minti arba'in muka yi a waya, har Inna ta karɓe ta ce ita ma tana da magana.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shafin shi ne ba ya barin ki tsaya. Kowace kalma tana da kibiya mai tura ki ga wata. Daga gezel na faɗa zaal, daga zaal na ga cewa Faransawa sun ari kalmar daga Farankawa, wata ƙabila dangin Jamusawa da ta mulki ƙasarsu a da, ta zama salle, Italiyawa suka ƙara mata girma ta zama salone, ta dawo Faransa a matsayin salon, ta shiga Ingilishi, har ta iso kan allon shagunan gyaran gashi na Sabon Gari da muke cewa salun. Sunan garin Oldenzaal da ke gabashin Holan, tsohon zaure ke nan. Babban birnin Beljiyam, wanda suke rubutawa Brussel, daga broek da zele yake, mazauni a cikin fadama. Uppsala ta Suwidin ma tana ɗauke da ita a wutsiya.

Sai kuma reshen da ya ba ni dariya. A zamanin ƙungiyoyin masu sana'a na biranen Turai, matakai uku ne: leerling, yaron shago mai koyo, gezel, wanda ya ƙware amma yana aiki a ƙarƙashin wani, sai meester, mai shagon kansa. Daga nan vrijgezel ta fito, gezel mai 'yanci, wanda yau ke nufin tuzuru ko gwauro. Ƙanen mijina da ke Rotterdam, shekara 36 ba aure, yanzu ya san sunansa na tarihi, kuma bai gode mini ba.

Da na saba, sai na fara kai wa shafin duk sifar da na ji a wurin aiki. A nan ne na gane sifofin Holanci ba su da riƙon amana, kowacce ta bar inda aka ajiye ta. Slim yau mai basira ne, yabo ne ga yaro a makaranta. A da karkatacce take nufi, sannan mugu, sannan mai wayo, kafin ta wanke kanta. A Jamusanci schlimm har yau mummuna ce, Ingilishi kuma ya are ta a ƙarni na 17 ya mayar da ita siriri. Stout ita ake ce wa yaro mai ƙiriniya, amma a da jarumi ce, shi ya sa sarkin Burgundi da aka kashe a yaƙin Nancy a 1477 suke kiransa Karel de Stoute, kuma yaran makaranta kan yi dariya in sun fara ji. Leuk, wadda suke liƙa wa komai daga riga zuwa biki, asalinta mai ɗumi-ɗumi, ruwan da bai yi zafi ba bai yi sanyi ba. Daga nan ta koma mutum mai sanyin jiki wanda ba abin da ke tayar masa da hankali, sai a ƙarni na 19 ta zama abin ban sha'awa. Tsohuwar ma'anar tana nan a maƙale cikin doodleuk, wanda ake faɗa wa mai yin abin mamaki ko a jikinsa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce tof. Matasa na cewa tof in abu ya yi kyau. Shafin ya nuna ta shigo ta bakin Yahudawan Amsterdam, daga Yiddish, harshen Yahudawan Turai, daga tov ta Ibrananci, mai kyau. Da na karanta wa Baba, kafin in rufe baki ya ce, "Ɗayyib." 'Yar'uwarta ce ta Larabci, tushensu ɗaya. Wato Ɗayyabu da Ɗayyiba da muke raɗa wa 'ya'ya suna da ɗan'uwa a bakin yaran Holan masu tuƙa keke ba riƙe kai. Pienter kuma, mai kaifin ƙwaƙwalwa, daga harshen Malay ta zo, tsarabar mulkin da suka yi a Indunusiya.

Yanzu abin da ya kamata mai shiga ya sani kafin ya shiga. Komai da Holanci yake, kuma ba Holancin kasuwa ba. Wanda bai wuce matakin A2 na masu fara koyon harshe ba zai sha wuya, ina ganin sai an kai B1, matakin da ke biye, kafin a ji daɗinsa. Tsofaffin ƙamusoshin da tsohon rubutu suke, za ki ga sch a ƙarshen kalma inda yau s ce kawai, da wasula biyu inda yau ɗaya ne, ga gajerun haruffa da kowane marubuci ya ƙirƙiro nasa. Ni na 1912 sai in na ƙoshi nake karanta shi. Na biyu, shafin ba alƙali ba ne. In malaman sun saɓa, zai jera miki su ne ya koma gefe. Ki duba mooi, kyakkyawa, kalmar da yaro ɗan shekara biyu ya sani: za ki ga ana kai ta ga wani tushe mai nufin wankakke, amma da "wataƙila" a gaba. Da farko wannan ya ba ni haushi, amsa nake so. Daga baya na ga ai haka littattafan Baba suke, an ce kaza, wasu kuma sun ce kaza. Dabarata ita ce in fara da na sama, mafi sabunta, in ɗauke shi a matsayin magana mafi ƙarfi, sauran in karanta su don in ga yadda aka yi ta gyara.

Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci ga mai koyon harshe: sanin asalin kalma ba ya koya miki yadda ake jefa ta. Babu inda shafin zai gaya miki cewa in abokiyar aiki ta shigo ta tarar an bar kwanuka a sinki ta ja "gezèllig" da tsawo, habaici take yi. Ba zai gaya miki cewa "doe gezellig mee", wato zo a yi da ke, gayyata ce da ke da ɗan tilas a ciki ba, irin "ai ba a ƙin tayi" tamu. Ba murya da za ki danna ki ji furuci. Don jimlolin da aka yi amfani da kalma a cikinsu shekaru aru-aru, sai ki tafi babban ƙamus ɗinsu na tarihi, WNT, wanda aka fara fitarwa a 1864 aka kammala a 1998, shi ma kyauta ne a intanet a wurin cibiyar Leiden ɗin. Don yadda ake magana yau kuwa, sai ki zauna da tsofaffi.

Fuskar shafin ba ta da ado, rubutu ne baƙi a kan fari, ba hoto. A waya dogayen bayanai sukan sa yatsa ya gaji da ja, na fi son buɗe shi a kwamfutar 'yata. Wannan ban ɗauke shi aibi ba, ƙamus ne, ba kantin atamfa ba. (Tun da na ambaci atamfa: Holan ɗin nan da ake sa wa a lefe, a Helmond ake buga ta, kamfanin Vlisco, tun 1846 yake, kuma tafiyar 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa daga gidana. Shekara bakwai ina nan, har yau daga Kano ake aiko mini.)

Wa zan ce ya shiga? Duk Bahaushen da ke Holan ko Beljiyam ko Suriname da ya wuce matakin gaisuwa kuma yake jin kalmomin ba sa zama a kansa. Ni dai tun da na san gezel, sai gezelschap da vergezellen da metgezel da levensgezel suka zauna mini a lokaci ɗaya ba tare da hadda ba, don na gane 'yan ɗaki ɗaya ne. Ɗaliban Jamusanci ma za su amfana, rabin abin da ke ciki nasu ne. Da kuma masu nazarin Hausa a jami'o'inmu, ko ba sa jin Holanci, su leƙa su ga tsarin. Ina kallonsa ina tunanin ranar da za a ɗauki ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham da waɗanda suka biyo baya a jera su haka, mutum ya rubuta "kasuwa" ko "alkama" ya ga abin da kowa ya ce da shekarar da ya faɗa. In maki ake bayarwa, huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na riƙe kuma na ranar Lahadin nan ne da na ɓata a kan bayan ambulan.

Makon da ya wuce na gaya wa tsohuwar bakin taga. Na durƙusa kusa da kujerarta, don kunnenta na hagu ne mai ji, na ce, "Mevrouw, kin san gezellig daga zaal take? Wanda kuke ɗaki ɗaya." Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce mijinta gezel ne a wurin wani kafinta lokacin da suka haɗu, shekara uku yana aske katako kafin ya buɗe nasa. Daga nan ta shiga labarin shagon, da ƙamshin katako, da yadda uban gidansa ke ƙirga ƙusoshi da yamma, ni kuma ina tsugune, keken kofi na tsaye a tsakiyar falo, mutum shida na jira. Da ta gama ta shafa hannuna ta ce, "Leuk." Na miƙa mata kofinta, ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce ya huce.